Fomulolin duk suna kaina, amma ban san abin da suke faɗa ba

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a aji huɗu, ina karanta injiniyancin kanikanci a wata jami'a. Tun ina yaro Allah Ya hore mini hadda. Na haddace Alƙur'ani kafin in gama sakandare, kuma da haddar nan na ci jarrabawowina na baya. A zangon da ya wuce na faɗi kwas ɗin da ake koyar da yadda ƙarfe ke tsagewa har ya karye. Fomulolin duk suna kaina, amma malamin ya kawo tambayar da babu lamba ko ɗaya a cikinta: idan aka ninka jan da ƙarfe ke sha, me zai faru da tsawon tsagar da zai iya jurewa? Na yi ta kallon takarda har aka karɓe. Da muka zo hutu kuma, ƙanwata da ke karanta kimiyyar tsirrai ta kawo mini fomular Haldane ta gadon halitta. Na danna mata kalkuleta na ba ta amsa, sai ta ce, "Yaya, me ya sa amsar ba ta taɓa wuce rabi?" Na rasa ta cewa. Tun ranar nake jin kamar shekara huɗu ina yaudarar kowa. Mahaifinmu bai san ina da kariyoba, wato kwas ɗin da zan maimaita, ba, ga shi daga abin da ya noma yake biya mana kuɗin makaranta. In canza fanni ne, ko in haƙura in koma kasuwa?

Ɗanka, M.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana.

Kada ka canza fanni, kada kuma ka bar karatu. Ba ka yaudari kowa ba. An yi ta yi maka tambayoyin da hadda ke amsawa, ka amsa su da gaskiya, yanzu kuma an zo inda ake neman wani abu daban. Haddarka dukiya ce, akwai abokan karatunka da ke fatan samun rabinta. Abin da ya rage maka mataki ne da ka san shi tun a karatun allo: bayan sauka ɗalibi kan zauna gaban malami a zaure, a karanto jimla, a fassara ta gaɓa-gaɓa, a tsaya a kan kowane wasali a tambayi dalilinsa. Fomula ma jimla ce da wani mutum ya rubuta don ya faɗi wata magana a taƙaice, tana da sharuɗɗanta da iyakarta. Kai ka sauke, ba ka zauna an fassara maka ba. Bari mu zauna a kan biyun da suka hana ka barci.

Ta farko ita ce K = Yσ√(πa). Sigma shi ne jan da ƙarfen ke sha, wato ƙarfin da aka ɗora masa a raba da faɗin wurin da ke ɗauke da shi. Harafin a tsawon tsaga ne. Y lamba ce da ke daidaita lissafin da siffar abin da kuma inda tsagar take. K kuwa shi ne tsananin da ya taru a daidai bakin tsagar. Kowane abu yana da iyakar K da zai iya ɗauka, idan aka kai ta tsagar ta zarce a take. Ta gilashi ba ta kai 1 ba, ta yawancin ƙarafan gini tana kamawa daga 50 zuwa sama, a ma'aunin megafaskal sau tushen mita.

Kafin ka taɓa kalkuleta, dubi inda kowane harafi yake zaune. Sigma yana waje, a yana ƙarƙashin alamar tushe. Wannan zama shi ne maganar gaba ɗaya. Ka ninka sigma, K ya ninka nan take. Amma in da tsaga kake so ka ninka K, sai ta yi tsawo sau huɗu, domin tushen huɗu shi ne biyu. Da Hausa ke nan: ƙarin nauyi ya fi ƙarin tsawon tsaga saurin kai ƙarfe ga karaya. Juya fomular ka bar a shi kaɗai, za ka ga sigma ya koma ƙasa, kuma an ninka shi da kansa. Ɗauki ƙarfen da iyakarsa 50 ce, yana shan jan megafaskal 200, Y kuma 1: a zai fito kusan milimita 20. Mai da jan 400, a ya dawo milimita 5. Amsar da malaminka ke nema ke nan, tsagar da ƙarfen zai jure za ta ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Tana cikin kanka a ranar jarrabawar, ba ka dai saba duba wurin zaman haruffa ba.

Ka sa wannan ido a kan fomular Paris, wadda na tabbata ita ma ka haddace: da/dN = C(ΔK)^m. Tana magana ne a kan tsagar da ke ƙaruwa kaɗan-kaɗan duk lokacin da aka danne ƙarfe aka sake shi. da/dN shi ne ƙaruwar tsagar a kowane danni, ΔK canjin K ne tsakanin danni da saki, C da m kuma lambobi ne da suka danganta da irin ƙarfen. A ƙarafa da yawa m kusan 3 ne. To idan mai tirela ya ƙara kashi 20 cikin ɗari a kan lodi, kuma jan da sifirin ke sha a kowane gargada ya ƙaru da hakan, sai ka ninka 1.2 da kansa sau uku, ka sami kusan 1.73. Tsagar za ta riƙa tafiya da ƙarin saurin kashi 73 cikin ɗari. In ya ninka lodin, saurin ya zama sau takwas. Shi direba ƙarin buhuna kawai yake gani. Duk motar da ka gani a gefen hanya sifirinta ya karye, ka tsaya ka dubi bakin karayar in an bar ka. Sau da yawa za ka ga wuri biyu: wani sumul, ya yi duhu ko tsatsa, da zane-zane kamar rabin da'ira, nan ne tsagar ta daɗe tana rarrafe, wani kuma sabo, mai kaushi, yana ƙyalli, nan ne K ya kai iyaka abin ya tsinke a lokaci guda. Za ka iya auna tsawon na farkon da rula, shi ne a ɗin da kake ta rubutawa a takarda.

Sanin inda fomula ta fito yana taimakawa ƙwarai, kuma abin takaici ne yadda ake tsallake shi a aji don a gama manhaja. A 1913 Charles Inglis ya nuna cewa rami mai siffar ƙwai a jikin faranti yana ninka jan da ke bakinsa da 1 + 2a/b, inda a rabin tsawon ramin ne, b kuma rabin faɗinsa. Rami zagayayye, inda a da b suke daidai, yana ba da 3. Amma in b ya yi ta ƙanƙancewa har ramin ya zama tsaga mai kaifi, lissafin ya tafi ba iyaka, wanda ke nufin ƙarzane ɗaya ya isa ya karya kowane abu. Kowa ya san ba haka duniya take ba. A. A. Griffith, injiniya a Ingila, ya warware wannan a aikinsa da aka buga a 1921, inda ya yi gwaji da gilashi. Ya ce tsaga ba ta ci gaba sai ƙarfin da abin zai saki in ta ƙaru ya biya kuɗin sabuwar fuskar da za a buɗe. Abin da ake saki yana ƙaruwa da tsawon tsaga a ninke da kansa, abin da ake biya yana ƙaruwa da tsawon kawai, don haka dole akwai tsawon da na farko zai rinjayi na biyu. Daga wannan rinjaye tushen nan ya shigo fomular.

Lissafin Griffith ya dace da gilashi, amma a kan ƙarfe ya gaza, domin ƙarfe yakan miƙe ya lanƙwashe a bakin tsaga kafin ya rabu, wannan kuma yana cin ƙarfi mai yawa. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya tilasta a koma kan maganar. Amurka ta ƙera jiragen ruwan dakon kaya samfurin Liberty fiye da 2,700, da walda maimakon ƙusoshin da aka saba haɗa faranti da su, wasu kuma suka riƙa tsagewa a ruwa mai sanyi. A Janairun 1943 jirgin dakon mai Schenectady, sabo fil, ya rabe gida biyu yana ɗaure a tashar Portland, ba iska ba igiyar ruwa. Constance Tipper ta Jami'ar Cambridge ta nuna cewa irin wannan ƙarfe yana rasa jurewarsa ya zama mai saurin tsinkewa idan sanyi ya kai wani mataki. George Irwin, a ɗakin binciken sojojin ruwan Amurka, shi ya fito da K a 1957. Abin da za ka ɗauka a nan shi ne iyakar nan ta 50 da ka gani a jadawali ba a kafe take ba. Tana canzawa da sanyi, da kaurin faranti, da yadda aka yi waldar. Injiniyan da ya kwafo ta bai tambayi a wane yanayi aka auna ba, lissafinsa zai fita tsaf, ƙarfen kuma ya karye.

Fomular K tana da sharaɗin cewa bakin tsagar mai kaifi ne, kuma wurin da ƙarfen ya miƙe ƙarami ne in an gwada shi da tsawon tsagar. Shi ya sa za ka ga tsohon mai walda, kafin ya taɓa tsagar da ke jikin faranti, ya bi ta a hankali har ya gano ƙarshenta, ya huda ɗan rami a wurin. Ya cire kaifin ke nan, ya fitar da abin daga hannun Irwin ya mayar da shi hannun Inglis, inda ninkin ke da iyaka. Matakin wucin gadi ne, kuma in ya kuskure ƙarshen tsagar da ɗan kaɗan aikin banza ya yi, amma dalilinsa daidai ne ko da bai taɓa ganin fomular ba.

Tarko biyu kuma da ke cin ɗalibai. Idan tsagar a tsakiyar faranti take, a rabin tsawonta ne; idan a gefe take, a zurfinta ne gaba ɗaya, Y kuma ya zama kusan 1.12. Sannan a da mita ake sa shi. Ka bar shi a milimita, amsarka ta kumbura kusan sau 32.

Yanzu tambayar ƙanwarka, wadda ta fi tambayoyin jarrabawa da yawa kyau. Ka gaya mata na ce haka.

Fomular ita ce r = ½(1 − e^(−2d)), inda e lamba ce tsayayya, kusan 2.72. J. B. S. Haldane ya fitar da ita a 1919. Kuromosom, wato zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a cikin ƙwayar halitta, bibbiyu suke zuwa, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Wake yana da 11 na irin waɗannan tagwaye, masara 10, mutum 23. Lokacin da tsiro ko dabba ke yin ƙwayoyin haihuwa, tagwayen kan jeru su yi musayar gutsattsari. Ɗauki ƙwayoyin gado biyu da ke kan kuromosom ɗaya. Harafin d shi ne matsakaicin adadin musayar da ke faruwa a tsakaninsu, shi ake kira nisa, ana auna shi da mogan, sunan da Haldane ya ba ma'aunin don girmama Thomas Hunt Morgan. Harafin r kuwa shi ne kason 'ya'yan da aka ƙirga aka ga sun fito da sabon haɗi, wanda ba irin na kuromosom ɗin uwa ba ne, ba kuma irin na uba ba. Bambancin d da r shi ne dukan darasin: d abin da ya faru ne, r abin da ido ya iya gani.

Me ya sa suka bambanta? Musaya ɗaya tsakanin ƙwayoyin biyu tana ba da sabon haɗi. Musaya biyu kuwa, ta farko ta raba su, ta biyu ta mayar da su yadda suke, mai ƙirga ba zai ga komai ba. Uku ta sake ba da sabon haɗi, huɗu ta sake ɓoyewa. Adadi mara, wato ɗaya, uku, biyar, shi kaɗai ke bayyana. Idan nisan ya yi yawa har musaya ta yawaita, damar adadin ya faɗo mara ko cika ta zama daidai wa daida, rabi da rabi. Rabin nan kuma shi ne abin da ake samu ga ƙwayoyin da ke kan kuromosom daban-daban, waɗanda ba su da wata alaƙa, yadda Mendel, wanda ya kafa ilimin gadon halitta, ya bayyana. Amsar tambayarta ke nan: nesa ta ƙarshe da abu biyu za su yi da juna ita ce su zama kamar ba a haɗe suke ba, wannan kuma rabi yake bayarwa.

Fomular da kanta tana faɗin haka in ka tura ta zuwa gefe biyu. Sa d ya zama sifili, e^0 ɗaya ne, r ya zama sifili. Sa d ya yi girma sosai, e^(−2d) ya shuɗe, ½ kaɗai ya rage. A tsakani: santimogan 1, wato kashi ɗaya cikin ɗari na mogan, yana ba da kusan kashi 1 cikin ɗari, 10 yana ba da 9, 50 yana ba da kusan 32, 100 yana ba da 43, 200 yana ba da 49. A gajeren nisa r da d kusan abu ɗaya ne, sai a hankali su rabu. Alfred Sturtevant, wanda yake ɗalibin digirin farko kamarku a ɗakin binciken Morgan a Jami'ar Columbia da ke New York, ya ci karo da wannan lokacin da ya zana taswirar gado ta farko, wadda aka buga a 1913, da ɗan ƙudan nan da ke bin ruɓaɓɓiyar ayaba. Ya lura in ya tara gajerun nisa sukan fi abin da ya auna kai tsaye tsakanin ƙarshe da ƙarshe, ya kuma gane musaya biyu ce ke ɓoye ragowar.

Ita ma wannan fomula tana da sharaɗi. Haldane ya ɗauka cewa kowace musaya ba ruwanta da 'yar'uwarta. A yawancin halittu ba haka ba ne, musaya ɗaya tana rage damar wata ta faru kusa da ita. Masanin lissafi ɗan Indiya D. D. Kosambi ya fitar da tasa a 1944 wadda ta sa wannan a lissafi. In ƙanwarka ta ƙirga kashi 20 cikin ɗari, Haldane zai ce mata santimogan 25.5, Kosambi ya ce 21.2. Ƙirga ɗaya, amsa biyu, bambancin kuma daga abin da kowa ya ɗauka tun farko ne. Duk taswirar da ta gani a takardar bincike, ta fara neman da wacce aka yi ta.

Kada ta ɗauka wannan ilimin ƙuda ne kawai. Masu inganta iri a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ke fitar da waken da ake kira SAMPEA, da na reshen cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, da ke Kano, sun daɗe suna neman waken da wuta-wuta ba ta cinsa. Hanya ɗaya a irin wannan aiki ita ce a nemi wata alama a jikin kuromosom kusa da ƙwayar da ke ba da kariya, a gwada ganyen tsiro tun yana ƙarami maimakon a jira damina ta nuna. In alamar tana nisan santimogan 5, kusan sau 5 cikin ɗari za ta zo ba tare da kariyar ba. In aka sami alama a kowane gefe, sai musaya biyu ta faru kafin a yi kuskure, wato kusan ɗaya cikin 400. Gonar mahaifinku na cikin masu cin moriyar wannan lissafi.

Ga abin da nake so ku yi kafin hutu ya ƙare. Ku zauna kai da ita bayan la'asar, kowa da fomula ɗaya, ba kalkuleta. Kai ka faɗa mata taka da Hausa har ta iya maimaitawa, ita ma ta faɗa maka tata. Inda bakinka ya tsaya, nan ne ba ka gane ba, ka sa alama. Ita ba ta san fanninka ba, don haka ba za ta bari ka ɓuya a bayan harafi ba. Sannan ku yanka takarda dogaye masu faɗi ɗaya, ku ɗan tsaga gefen kowace da reza, wata rabin santimita, wata santimita biyu, ku rataya ƙaramin bokiti kuna zuba yashi har ta yage, ku auna yashin. Ba lallai sakamakon ya bi fomular daidai ba, domin takarda ba ƙarfe ba ce, kuma tsagar tana cin babban kaso na faɗinta. Neman dalilin saɓanin zai koya maka aikin Y fiye da shafi goma.

Batun mahaifinka, ka gaya masa da bakinka, kuma kada ka jinkirta. Mutumin da ke sayar da amfanin gonarsa saboda kai ya cancanci ya ji daga gare ka kafin ya ji daga wani. Amma ka fara ganin malamin da ke kula da ajinku, ka tabbatar yaushe za ka sake rubuta kwas ɗin. Karatun injiniya shekara biyar ne, kuma sau da yawa kariyoba ɗaya a aji huɗu ana iya biyan ta a aji biyar ba tare da ƙarin shekara ba, sai dai dokar kowace jami'a daban, ka ji ta daga majiyarta. Ka je wa mahaifinka da labarin faɗuwar da kuma ranar gyara a zama ɗaya. Zai iya yin faɗa, ka yi shiru ka saurara. In kana jin nauyi ƙwarai, ka fara da mahaifiyarka ko wani kawunka da yake jin maganarsa, amma kai za ka faɗa.

Shi ma malamin kwas ɗin ka je ofishinsa, ba don roƙon maki ba. Ka kai masa tambaya guda takamaimai daga wuraren da ka sa wa alama. Idan lokacin SIWES, wato horon aiki da ɗalibai ke yi a masana'antu, ya zo, ka nemi wurin da ake walda ko gyaran manyan motoci da injuna, ka roƙi a ba ka duk ƙarfen da ya karye ka duba kafin a kai shi wurin 'yan gwangwan.

Ga aikin da za ka turo mini. Gilashin da iyakarsa 0.75 ce, yana shan jan megafaskal 50, da ƙarzane a gefensa. Kafin ka lissafa, rubuta hasashenka na zurfin ƙarzanen da zai fasa shi: santimita ne, milimita ne, ko ƙasa da haka? Sai ka lissafa ka gwada da hasashen, sannan ka bayyana mini a jimla uku, da Hausa, me ya sa mai yankan gilashi ke jan layi sau ɗaya tak ya danna. Ƙanwarka kuma ta gaya mini abin da za ta iya cewa, da abin da ba za ta iya cewa ba, game da nisan ƙwayoyi biyu idan ƙirgarta ta ba ta kashi 49 cikin ɗari. Allah Ya ba ku ilimi mai amfani, Ya saka wa mahaifinku da alheri.